Gambar da Muka Tuge

Wata Asabar a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya goya ni a kekensa daga gidanmu na cikin birni zuwa gonarmu da ke hanyar Batagarawa. An kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna isa ya saki keken, keken ya faɗi ƙasa. Gefen gonar na gangare babu shi, sai wani jan kwazazzabo da ya fi tsawona zurfi, geron da ke bakinsa yana reto, saiwoyi a waje. Gonar nan kuwa ita ce tuwon gidanmu, don aikin masinjan da Baba ke yi ba zai ciyar da mu ba.

Laifinmu ne, ni da shi. A gangaren akwai layin gamba da kakanmu ya dasa, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. A gindinta muke kamun fara, mu ɓuya in an ce mu zo cirar ciyawa. Da bazara Baba ya ce ta cinye masa kunya huɗu a banza, ga macizai, don haka a tuge ta. Kaka, mahaifiyarsa, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai wannan, bar ciyawar ga. Ita ce ɗinkin gonar." Baba ya yi murmushin da ɗan boko ke yi wa tsohuwa. Ni kuwa da rawar kaina na fi kowa zaƙewa. Kwana uku ina sara da diga, har na cinna wa tarin wuta ina tsalle.

Babu abin da ba mu zuba a ramin nan ba. In an tashi makaranta ba na ko cire kayan, sai cika buhu da yashi. Muka jera ƙaya, muka jawo sharar unguwa a kura, don an ce tana toshe rami. Ruwa ɗaya ya watsa mana ledojin sharar cikin gero, ya kewaye buhunan, ya ƙara cin taku biyar. Ranar na ga Baba zaune a bakin ramin, hannu a ka. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban taɓa sanin uba ma yana rasa dabara ba.

Kaka ba ta yi masa gori ba. Cewa ta yi ruwan daga gonakin sama yake taho, saboda haka mutum ɗaya ba zai tare shi ba. Baba, mai jin nauyin roƙon ko allura, ya bi gida-gida yana neman gayya. Wasu suka ce ruwa na Allah ne. Ya ce musu, "In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Mu da waɗanda suka zo muka kafa turaku, muka jera duwatsu a kan ramin, kowa kuma ya dasa gamba a iyakarsa, wadda Kaka ta roƙo saiwarta a ƙauyensu. Da ƙyar muka tsira da rabin gonar, hatsinmu kuma bai kai watan azumi ba.

Yau rabin nan yana hannuna. Gonakin sama an yanka su fuloti, an gina gidaje, an malale da siminti, ruwa na gangarowa da ƙarfin da ya fi na da. A lokacin Baba akwai manoman da za a roƙa. Ni ƙofar ƙarfe nake ƙwanƙwasawa, ina roƙon a bar mini taku biyu in dasa ciyawa, ana kallona kamar mai taɓin hankali. Ni da wasu matasan unguwa muna dasawa duk damina, awaki na ci, muna sakewa. In hadari ya haɗo kowa murna yake, ni kuwa gabana ke faɗuwa.