Kokon Iya Tabawa

Ban taɓa mantawa da ranar da namu suka kusa nutsar da mu ba. Ku yara da kuka shiga aikin sojan ruwa yanzu, ku saurara.

Lokacin yaƙin basasa jiragen sintiri sun yi ƙaranci, sai hukuma ta karɓi jirgin shaƙatawa na wani attajirin Ikko. Fari fat, kujeru masu laushi, har da lasifikar kiɗan biki. Inda teburin cin abinci yake nan aka girke bindiga. Ni ne mai kula da inji, Laftana kuma shugabanmu.

Ƙa'ida ita ce, kafin ka kusanci sansani a bakin ruwa sai ka sanar ta rediyon oba-oba. Ran nan da hantsi muna dawowa, tamu ta mutu murus. Sojojin ƙasa da ke gadin gaɓar sababbin zuwa ne, ba su san jirgin ba. Sai ji muka yi tau! Gilashi ya tarwatse.

Laftana ya yi Turanci ta lasifika, suka ƙara mana wuta. Can na jiyo ana ihu da Hausa, irin tamu ta cikin birni. Na ce, "Oga, ba ni!"

Na kwarara murya: "Kai! Ku bari! Ɗan Kano ne, ɗan Sheshe!"

Harbi ya tsaya. Wani ya ɗago murya: "Kowa ya iya faɗin haka! Wa ke sayar da koko a bakin masallacin unguwar?"

"Iya Tabawa! Mai tsuga ruwa a koko, ƙosanta kamar tsakuwa!"

Sai muka ji: "Uwata ce, ɗan banza! Ku ƙaraso!"

Kai, murna! Laftana ya rungume ni bai ma san me aka ce ba. Mai harbin, Kofur Sani ɗan Iya Tabawa, ya tare ni a gaɓa, ya kai mini duka a kafaɗa, sannan muka fashe da kuka.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula muka ajiye kaki, muka dawo gida tare. Abin da aikin ya koya mini, na'ura tana mutuwa, sanin mutane ne ke fid da kai. Har Iya Tabawa ta rasu kullum kokonta nake sha, kuma ban sake cewa ya yi ruwa ba.