Gawo Bakwai a Gandun Babanmu

Gandun da babanmu ya bar mana yana bayan garin Matameye, kuma gawo bakwai ne a cikinsa. Kafin Nasara su shigo ƙasar ake wannan zance. Da Baba ya rasu, riƙon gida ya dawo hannuna. Ga Innarmu, ga matata da ƴaƴa biyu, ga ƙanena da amaryarsa, duk tukunya ɗaya muke ci. Abin da Baba ya roƙe ni yana kwance shi ne kada in bari gandun ya rabu, kada ƙanena ya fita neman abinci a wani wuri.

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai wayona a unguwa. Fataken Kano suna zuwa neman auduga, tsararrakina suna ɗinka manyan riguna, ni ina yawo da taguwa ɗaya wadda wanki ya gama da ita. Sai na ware rabin gandun na zuba auduga.

Shi gawo halinsa daban ne. Da damina, sa'ad da kowane itace ke kore, shi zubar da ganyensa yake, gero ya sha rana da ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashinsa, ya yi zangarniya kamar damtse. In kaka ta wuce sai ya yi ganye ya zubo da ƴaƴa, shanun Fulani su zo ci, su kwanta a inuwarsa, su bar mana taki. Wannan bai taɓa damun gero ba, don a lokacin yana cikin rumbu. Auduga kuwa tana gona, lokacin ma take fashewa. Shekarar farko inuwa ta hana ta buɗewa a kusa da itatuwan, shanu kuma suka tattake mini kusan kunya ashirin. Na yi ta huci har na kasa cin tuwo.

Sare gawo ba abin wasa ba ne a ƙasar Damagaram. Doka ce daga sama, wanda ya ɗora masa gatari yana iya rasa hannu. Don haka ban ɗora gatari ba. Ranar kasuwar Kance, da hantsi, gonaki babu kowa, na tona gindin na farko har gwiwar hannu, na kewaye shi da wuƙa na ɓare ɓawon, na mai da ƙasa na daddale. Kasuwa bakwai, gawo bakwai. Ina komawa gida har daɗi nake ji, wai na yi dabara.

Kafin shekara ta zagayo sun fara bushewa daga sama. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin gona suna yi mini jaje, suna cewa ikon Allah. Ni ma ina cewa ikon Allah, bakina bai ko yi nauyi ba. Auduga ta yi kyau shekara biyu, na ɗinka rigar da nake so, na saya wa Inna zane.

A rani na uku tsohon Bafulatanin da ke sauka a gonarmu tun zamanin Baba ya zo wucewa da garkensa bai tsaya ba. Na bi shi da gudu.

“Baffa, bana ba za ka sauka ba?”

Ya dubi busassun itatuwan ya ce, “Ɗan aminina, me za su ci a nan? Ina za su kwanta?” Ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Tsauni.

Daga nan gona ta juya mana baya. Ƙasar da take baƙa ta koma farin yashi. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko ta riƙa kwasar yashin tana yanke shuka, sai da muka shuka gero sau uku a damina ɗaya. Wanda ya tsira ciyawar ƙuduji ta shaƙe shi. Audugar ma da na yi ɓarnar dominta ta tsotse abin da ya rage, ta koma ƴar guntuwa. Rumbunmu da ke kai mu sabuwar kaka ya ƙare tun bazara. Matar ƙanena tana goyo, tana cin tafasa babu ko ƙuli, ina jin kukan jaririn ta bayan danga. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron.

Wata safiya ƙanena ya same ni a zaure ya durƙusa. Ya ce gandun ba zai ƙara ciyar da gida biyu ba, zai bi ayarin Kano da iyalinsa. Na roƙe shi ya ƙara damina ɗaya, ya girgiza kai. Ranar tafiya na raka su har bayan gari, muka bi ta gefen gona, inda uku daga cikin itatuwan suka riga suka faɗi. A nan na kasa riƙewa, na gaya masa duk abin da na yi.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Yaya, na sani. Tun da na farko ya faɗi na ga sawun wuƙa a gindinsa. Ni na mai da ƙasa na rufe.”

Na ce, “Me ya hana ka magana?”

“In na yi magana, hannunka za a yanke.”

Ya gyara kayan da ke kan jaki, ya ce in kula da Inna, suka tafi. Inna ta yi shekara huɗu tana tambayata ko ayarin Kano ya iso. Har ta rasu bai dawo ba, ni kuma ban iya gaya mata abin da ya kore shi ba.