Kunyoyin Dankali a Bayan Aji Biyar

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka tura ni wata firamare a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani. Ni ɗan Kumbotso ne, mahaifina tela, ban taɓa riƙe garma da sunan aiki ba. Kullum da sassafe nake tayar da tsohon babur ɗin yayana, in bi titin Zariya, sannan in ratse kan burjin da ke bin gefen kanal, wato babbar magudanar ban-ruwa, alkama a dama, tumatir a hagu. Mutanen garin ba su yi mini komai ba, ni ne dai zama ya ƙi kama ni. Ina cikin aji ina duban agogo, an tashi ina duban hanya. Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa hannun irinmu ba, a makarantar kuwa babu sabis sai an hau gadar kanal. Da an fita tara sai ka hango ni can a tsaye ina ɗaga waya sama, alhali babu wanda ya ce zai kira ni.

Hedimastanmu dattijo ne mai lura. Wata rana ya kira ni ofis ya ce, "Malam, tunda ƙafarka ba ta son zama, ga tafiya ta samu. Ana son malami ɗaya ya je bita a Kano, kwana biyu."

A wurin bitar aka nuna mana wani irin dankali da ban taɓa gani ba. Bayansa kamar namu na gida, amma in an yanka cikinsa ja ne irin na kabewa. Aka ce yana da bitamin A, wanda ke taimakon ido da jikin yara, ana so kowace makaranta ta dasa shi ta koya wa ɗalibai nomansa da amfaninsa. Aka ba kowa ɗaurin yaɗon dankalin a cikin jiƙaƙƙen buhu, da wasu takardu. Na ɗaure buhun a bayan babur, takardun kuwa rabi na karanta.

Ranar Litinin na shiga aji biyar da ƙarfina. Na zana dankali a allo, na ce za mu haƙa ramuka a bayan aji, mu kafa kowane yanka a tsaye kamar yadda ake dashen bishiya. Can baya wani ya fara dariya yana toshe baki. Sai monitar 'yan mata, wata siririyar yarinya da ke zama a layin gaba, ta ɗaga hannu.

"Malam, ba a tsaye ake sa shi ba. Kunya ake yi, a kwantar da shi, a binne gaɓa biyu ko uku, a bar kan a waje."

"Wa ya gaya miki?"

"Ai kowa ma ya sani, Malam."

Na buɗe takardun a gabansu ina neman abin da zan kare kaina da shi. A shafi na huɗu, wanda ban kai gare shi ba, na tarar da maganarta daidai, har da zane. Na rufe na ce, "To, ku tashi ku nuna mini."

Washegari maza suka zo da garemani daga gida. Kafin rana ta yi zafi sun tayar da kunya takwas, miƙaƙƙu kamar an ja zare. Ni rabin guda na yi tafin hannuna ya yi kanta. 'Yan mata suka yanka yaɗon suna ƙirga gaɓoɓi da yatsa, suka dasa, ina biye da su ina tambaya.

Saura ruwa. Gonar da ke jikin filin makarantar ta wani tsoho ce mai noman albasa, kuma ƙaramar magudanar da ke kawo masa ruwa daga kanal ta bi ta kusa da kunyoyinmu. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya ce duk ranar da aka sako musu ruwa, in albasarsa ta sha, zai fasa mana hanya. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Wata huɗu fa zai yi a ƙasa, Malam. Kai da nake gani kullum a kan gada, za ka iya jira?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Shi bai yarda ba, ni ma a raina ban yarda ba.

Darasin amfanin abinci ya fi ba ni wuya. Na cika allo da sunayen sinadarai, yara suna kwafa suna hamma. Da na ga ba na zuwa ko'ina, sai na ajiye alli na tambaye su ko akwai wanda ya san mutumin da yake gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya daina gani. Nan take hannaye suka tashi.

"Dundumi ke nan, Malam!"

Kowa yana da nasa labarin, wannan kakarsa, wancan maƙwabcinsu. Monitar nan ce kawai ba ta yi hayaniya ba. Sai da aka lafa ta ce ƙanenta ne, ɗan shekara huɗu. Da an kira sallar magariba sai ya je ya maƙale a jikin garu, ko kwanon tuwo sai an kama hannunsa an kai masa. Na ce musu sau da yawa rashin bitamin A ne ke kawo hakan, ana samunsa a hanta da zogale da mangwaro da manja, kuma ga shi nan mun dasa a bayan aji. Da zumuɗi na faɗa, kamar mai yin alkawari. Na ga yadda ta juya ta dubi taga.

Daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Kowace safiya kafin in kafe babur tana tsaye: "Malam, saura kwana nawa?" Ni ma abin ya tsaya mini a rai. A hanyar gida ina tuƙi ina lissafin watanni, ina ganin sun yi wa yaro ɗan shekara huɗu yawa. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ɗanwake a bakin makaranta, wadda babu gidan da ba ta shiga a garin. Na same ta na ce, "Iya, don Allah ki gaya wa uwar monitarmu kada su jira dankali kan dundumin ƙanenta. Su kai shi asibiti a Kura." Ta ce za ta faɗa, kuma ta faɗa. Bayan mako biyu uban ya ɗauke shi a keke ya kai, aka ba shi magani. Ba a daɗe ba monitar ta zo ta ce mini jiya da magariba ƙanen nata ne ya kora awaki cikin turke. Amma ba ta daina tambayar kwanakin ba.

Wajen sati na shida yaɗo ya rufe kunyoyin, ganye kore shar. Sai na fara ganin ƙananan ramuka a gefensu, an tone an mayar da ƙasa sama-sama. Na ɗauka gafiya ce. Na kira tsohon mai albasa ya duba. Ya tsuguna, ya shafa wurin, ya yi dariya har da tari.

"Wannan gafiyar yatsu biyar gare ta. Yaranka ne ke leƙawa su ga ko ya zuba. Ka hana su, Malam. Duk inda aka bar saiwar a buɗe ƙwaro zai shiga, in ya shiga kuwa ɗaci zai yi, ko akuya ba ta ci."

Na koma aji na yi faɗa sosai. Na ce duk wanda ya san ya taɓa tonawa ya miƙe. Suka fara miƙewa ɗai-ɗai har ajin ya kusa ƙarewa. Ina tsaye a gabansu sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ai kai ma a tsaye kake." Ashe ya gan ni ranar wata Alhamis bayan an tashi, ina durƙushe a ƙarshen kunya ta takwas. Sau biyu na tona wurin, ban samu komai ba sai wasu jijiyoyi kamar yatsan jariri. Ban musa ba. Aji ya kaure da dariya, har hedimasta ya leƙo. Daga ƙarshe muka ware tushe ɗaya, muka sa masa suna na leƙe. Shi kaɗai ake tonawa, ranar Alhamis, kowa ya gani, a mayar da ƙasa a danne. Sauran kuwa duk inda ƙasa ta tsage a rufe.

Hutun zango ya zo cikin tsananin zafi. Ba wanda ya ce in je, amma kwana biyu na yi a gida na kasa zama. Na je na tarar an tsayar da ruwan kanal ana yashe ciyawar da ta toshe shi, ganyen dankalinmu ya yi laƙwas. Na zaga gida-gida na tattara waɗanda ba su tafi gona ba, muka riƙa jido daga famfon bakin masallaci da bokitai da jarkoki. Kwana tara muka yi haka kafin a sako ruwa. A kwanakin nan ne na san gidan kowane yaro a ajin.

Mun tone dankalin ana gab da faɗuwar damina. Kunya biyu, waɗanda suka fi shan tono, ƙwaro ya huda su, sai zubarwa muka yi. Sauran shida kuwa sun zuba, wani dankalin ya fi tafin hannuna. Iya mai ɗanwake ta kawo babbar tukunya ta dafa a gindin darbejiya. Da aka fara ɓarewa yara suka ga cikin ja, wasu suka ja da baya. Wani ya ce ya yi laushi da yawa, wannan ai kabewa ce, ba zai riƙe ciki kamar farin ba. Ina shirin fara wa'azin bitamin, Iya ta ce, "Malam, matsa." Ta kwance ƙullin garin ƙuli-ƙuli mai yaji, ta barbaɗa, ta zuba man gyaɗa. Ba a yi minti goma ba aka ga ƙasan tukunya. Wanda ya rage ɗanye muka raba, kowa ya kai gida.

Yaɗon da muka cire yana nan tsibi guda a gefe. La'asar ta yi, na gaji, hankalina ya tafi gida. Sai ga wani Bafulatani da ke zaune a rugar bayan gari ya zo wucewa da jakinsa. Ya yi sallama ya tambaya ko za a ba shi ganyen ya kai wa maruƙa. Na ce, "Kwashe duka, Baffa, ka ma taimake mu." Na taya shi ɗorawa a kan jaki.

Bayan kwana biyu Iya ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce matan gida biyar sun aiko ta, sun ci dankalin da yara suka kai, suna son iri su dasa a bayan gida in ruwa ya sauka. Uwar yaron nan mai dundumi ce ta fara aikowa.

"Ina ka ajiye yaɗon?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Wata huɗu ina koyar da cewa da yaɗo ake dasa dankali, na ɗauki irin gaba ɗaya na ba maruƙa. Ko aji ban shiga ba na hau babur na nufi rugar. Na tarar ko kara bai rage ba. Bafulatanin ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi, matarsa ta kawo mini nono a ƙwarya, na sha ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba. A hanyar dawowa ina ta tunanin zuwa Kano neman masu bitar, waɗanda ko ofishinsu ban sani ba.

Na tarar da tsohon mai albasa yana gyara bakin magudana. Na gaya masa. Bai ɗago ba ya ce, "Babu wanda ke tone dankali tas. Akwai ƙanana da suka saura a ƙasa. Ku ba wurin ruwa kawai, kada ku taɓa."

Haka muka yi ta ba busasshiyar ƙasa ruwa, masu wucewa zuwa gona suna tambaya ko kifi muka shuka. Kwana na goma sha ɗaya jajayen tsirai suka ɓullo nan da can, babu tsari. Muka kewaye su da ƙaya. Da damina ta zauna sun yaɗu har sun isa yanka, ko da yake ba su kai rabin na farko ba.

Ranar rabon, monitar ce ta riƙe wuƙa, Iya tana ɗaurewa da bawon rama tana faɗin gidan da za a kai kowane ɗauri. Gidaje biyar ɗin sun zama tara, don haka ɗaurin ya ƙanƙance. Ana gab da gamawa Bafulatanin ya zo, ya tsaya daga nesa ya ce matarsa ma tana so, in da saura. Babu saura. Iya ta kwance ɗauri uku, ta zare yanka bibbiyu daga kowanne, ta haɗa ta miƙa masa. Ta ce ya kange wurin da kyau, don maruƙansa sun riga sun san daɗinsa.