Turmin Inna Bona

Har yau in na tuna abin da Oru ya yi wa uwarsa, raina ɓaci yake yi. Kuma wai alheri ya yi niyya.

Shekara ashirin da bakwai katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Bona a nan Paraku. Ta shigo gidan mijinta Sabi, direban motar auduga, da tukwane biyu da wani ɗan turmi da kyanwa ma za ta iya turewa. Duk haihuwa sai wani abu ya ƙaru a madafinta. Haihuwar Oru ta kawo babbar tukunya, ta huɗu ta kawo firji na hannu mai kukan akuya. Da ƙanen Sabi ya rasu aka kawo mata marayu biyar, baki ya zama goma sha huɗu. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta sayar da zannuwanta biyu na fita biki, ta sa aka sassaƙa mata turmin maɗaci wanda taɓarya uku ke shiga lokaci guda.

Da shi muke sanin azahar ta kusa. In aka fara dakan sakwara, kowa a layinmu ya san akwai rabonsa, daga mai facin taya har tsohuwar da 'ya'yanta suka manta da ita.

Sannu a hankali yara suka watse, Sabi ya riga mu gidan gaskiya. Gida ya koma ita da ƙanwar mijinta, Yon. Inna Bona ba ta rage doya ko ɗaya ba.

Bara Oru ya zo daga Kwatano da wani injin dakan sakwara, ɗan mitsitsi kamar tukunyar shayi. Ya ce mutum biyu ba sa bukatar kayan mutum goma sha huɗu, ga kafaɗarta na ciwo. Kafin ta yi alwala ta fito, ya bai wa wata mai abinci a tasha turmin kyauta.

Kwana uku ba a ji daka ba. A wurinmu, gidan da taɓarya ta yi shiru, ko ciwo ko rasuwa. Rana ta huɗu mata shida muka shiga da kunu da fuskar jaje, wata har ta fara share hawaye tun daga ƙofa. Muka tarar da ita lafiya lau a kan tabarma, ga malmala biyu a kwano, ba ta taɓa ba.

Na tambaye ta ko injin bai iya ba ne. Ta ce ya iya, laushi kamar auduga.

"Amma ba ya kiran kowa, 'yar nan. Na dafa, na zauna, ba wanda ya leƙo."

Nan take na kira Oru. Ya fara yi mini bayanin yawan mutanen gida, na katse shi.

"Kai Oru, ni na goya ka kana tsula mini fitsari. Wa ya ce maka mutum biyu ne a gidan nan? Masu kwana ka ƙirga, ba masu ci ba."

Sai ya ce, "To Anti, ku ɗauko."

Mai abincin ta so ta ja, amma da ta ga mu shida ne, da kanta ta nemo mana amalanke.

Gaskiyar Oru ɗaya ce, Inna Bona ba ta iya ɗaga taɓarya kuma. Mu muke dakawa bi da bi, ita tana kan kujera tana jiƙa hannu tana juya sakwarar, tana cewa dakanmu na ragwaye ne. Injin yana kan firji, a cikinsa Yon take ɓoye daddawa.