Tabon Bangon Simha

Duk Tibariya babu wadda ta kai Simha jiran Almasihu. Ko jaki ya yi kuka a bakin tafki sai ta ɗaura kallabi ta leƙa, ko shi ne. Gwauruwa ce, ita ke gasa wa unguwarmu ta Yahudawa gurasar Idin Ƙetarewa, wadda ba a sa mata yisti. Ba a karɓar wannan gurasa daga hannun da ake shakkar addininsa.

A bangon da ke kallon ƙofarta akwai wuri kamar kamu ɗaya da mijinta ya bari ba yaɓe, kamar kowane gida namu, don tuna rushewar Haikali, babban ɗakin ibadarmu. Sai Almasihu ya zo za a rufe shi.

To, ana gab da idi ta kira Jiryis magini, Kirista, ya shafe mata ɗaki da farar ƙasa, ta tafi niƙa. Bawan Allah ya ga tabo, ya ɗauka talauci ne. Ya yaɓe shi sumul, kyauta.

Kafin farar ƙasar ta bushe Rahel mai bakin nan ta kai labari har wurin masunta, wai Simha ta daina jira, ta bi Kiristoci. Simha fa, matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego! Mata suka fara zuwa suna kwashe garin da suka kawo a gasa musu. Ni nawa na bari, na tsaya kallo.

Simha ta jawo Jiryis da hannun riga har ɗaki. Ya rantse alheri ya nufa, amma bakinsa bai iya tsayawa nan ba.

"Goggo, ai Almasihu ya riga ya zo. Annabawanku ne suka ce zai sha wahala saboda laifin mutane, ya kuwa sha."

"Sun kuma ce kyarkeci zai kwanta da ɗan rago. Wa ya cinye tunkiyar uwarka bara?"

Ya ce wannan sai in ya dawo. Ta ce ashe shi ma jira yake, da yake cika mata baki. Ta miƙa masa cokalin gininsa, ta aika a kira Rahel da sauran matan su shaida.

Ya kankare yaɓen. Da yake magini ne mai son a yaba, sai ya ja igiya, ya fitar da kusurwa huɗu tsaf kamar taga. Simha ta ƙara hawa. Makoki ne, wa ya ce ya yi masa ado? Ta ƙwace cokalin ta fasa gefen da kanta, har dutse ya faɗo kan yatsan Rahel.

Gari ya dawo buhu-buhu. Rahel ce ta fara kawowa, tana ɗingishi, ko haƙuri ba ta bayar ba. Har yau kuma tana cewa tabon farko ya fi wannan girma.