Malam Meshak da Tsallen Ƙeya

Duk wanda ya yi makarantar mishan ta bayan tashar jirgi a Kafanchan ya san Malam Meshak, malamin wasanni. Gajere ne, kullum da usur a wuya. Ko sujada da shi yake zuwa, sai ka ce Fasto zai yi laifi a busa masa.

A shekarar saba'in da huɗu aka tura shi kwas Kaduna. Can aka nuna musu majigi, ya ga wani Bature ya sheƙo a guje, ya juya wa sandar tsalle baya, ya tsallake ta da ƙeya. Daidai nan wuta ta ɗauke. Malam bai ga a kan me Baturen ya faɗa ba, bai kuma tambaya ba. Malami ne ai, ina shi ina tambaya?

Da ya dawo sai ya tara ɗalibai a bakin ramin yashi, ya ce kowa ya buɗe ido. Suka buɗe. Ya sheƙo, ya yi irin tsallen Baturen. Tashin dai ba laifi, saukar ce aka jiyo har layin dogo. Ya daɗe wuyansa na kallon dutsen Kagoro, ko ina ƙafarsa ta dosa.

Hedimasta Andrawus ya kira shi ofis. "Meshak, tun zamanin Turawa da gaba ake tsalle. Ka karya mini ɗan mutane, ko ka ba mu kunya ranar gasar makarantu, sai ka tsinci kanka a ƙauyen da ko keke ba ya zuwa."

Malam ya koma gida jinya, ya zube a kan sabuwar katifar soso ta matarsa Afiniki, wadda babu irinta duk layinsu. Ya ji laushi. Ya tashi ya sake zubewa. A nan hankali ya shige shi, ta gadon baya.

"Baban Clara, ina za ka kai mini katifa?" in ji Afiniki.

"Aikin gwamnati ne."

"Gwamnatin ba ta da wurin kwana ne?"

Ranar gasa ya shigo fili da katifa a ka, mutane har faɗuwa suke don dariya. Wani ya ɗaga murya: "Malam, a kawo maka bargo?" Bai kula ba. Yaran wasu makarantu na ta harbin sanda da ƙafa, nasa kuwa suna shawagi a bisanta da baya, su sauka lumui, su miƙe da wuyansu daidai. Suka cinye kofi.

Hedimasta ya karɓi kofin da hannu biyu, ya karɓi lasifika. "Mu dama a makarantarmu," ya ce, "ba ma tsoron sabon abu."

Ba a kai Malam ƙauye ba. Suna ma ya yi. Daga Kagoro har Gwantu, duk makarantar da za ta yi wasanni sai ta aiko wa hedimasta gaisuwa ta musamman: don Allah a turo musu katifar nan, in kuma Meshak na da sarari, ya rako ta.