Uwar Sauro ta ajiye aiki

Kafin kowa ya iso cibiyar binciken lafiya, ita ta riga ta buɗe ɗakin ƙurya mai zafi da laima. Sai ta jiƙa tawul ta lulluɓe kejin raga, ta sauya audugar ruwan sukari, ta barbaɗa garin abinci a farantan da tsutsotsi ke iyo. Daga nan ta tsaya ta kasa kunne. Idan kukan ya yi kauri, hankalinta ya kwanta. Kiwon sauro take yi, jama'a. Shi ya sa ake ce mata Uwar Sauro, kuma a makon nan take ajiye aiki.

Ranar da aka ɗauke ta, shara ta zaci za ta yi. Farfesa, shugaban sashen, ya nuna mata kejin ya ce, "Waɗannan amana ne, kada su mutu."

"Ranka ya daɗe, ba kashe su ake so a yi ba?"

"Kashe su ake so. Amma sai da masu rai ake gwada abin da zai kashe sauran."

Ta ce to, irin to ɗin da bai kai zuci ba. Ɗanta na fari zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke shi, ko yaye shi ba ta yi ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne tallafi. Kuɗin binciken daga wasu mutane yake zuwa, waɗanda ba ta taɓa sa su a ido ba, kuma yakan ɗauke kamar ruwan sama. Wata shekara tsohon tallafi ya ƙare, sabo bai iso ba. Farfesa ya shigo ɗakin fuska ba walwala.

"Inna, sun ce za su bayar, amma sai wakiliyarsu ta zo ta ga sauronmu da rai."

"To da me za mu ciyar da su kafin ta zo?"

"Da tallafin."

"Wanda ba a bayar ba?"

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ni ma nan kaina ya kulle."

Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, jinin da ake saye a ɗumama musu kuwa ya ƙare. In zuriyar nan ta mutu, aikin shekaru ya bi ruwa, tallafin ma ya bi shi. Tambaya ɗaya ta yi: suna ɗauke da cuta? Aka ce a'a, haihuwar keji ne. Direban cibiyar ne ya hango ta ta taga, ta naɗe hannun riga ta zura hannunta cikin keji, ta kau da kai.

A gida suna cin abinci maigidanta ya ga ƙuraje har gwiwar hannu. Da ta faɗa masa, ya tsame hannu daga kwano.

"Jinin yaronmu da suka sha bai ishe su ba, sai kin kai musu naki?"

Ta yi kuka sosai ranar. Washegari kuma ta koma ta zura hannun, ita kanta ba ta san wa take yi wa ba. Farfesa ya ji labari ya zo yana faɗa wai ba haka ƙa'ida ta ce ba, yana faɗan yana ɓalle maɓallin hannun rigarsa.

Wakiliyar ta zo, ta leƙa, ta ce madalla, ko zama ba ta yi ba. Tallafi ya iso. Da zuriyar nan aka gwada sabon gidan sauro mai magani, kuma irinsa aka ba Uwar Sauro kyautar sallama.

Ke ce, Inna, mai riƙe amana ko da ta maƙiyi ce. Ke ce aka sha jininki, sunanki bai fito a takardar kowa ba. Na tambaye ki ko son su kike yi ko ƙi, kika ce, "Wallahi ban sani ba. Na gida tafe shi nake. Na keji kuwa, in ɗaya ya mutu abinci ba ya shiga."

Ban ce kowa ya je ya miƙa wa sauro hannu ba. Amma in an ba ka riƙo, ka riƙe kamar yadda ta riƙe, ko da ba ka gama fahimtar inda aka dosa ba.

Gidan sauron nan maigida ne ya ɗaura shi da kansa a kan gadon jikanyarsu. Ya cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya juyo.

"Har yau ban gane aikin nan naki ba," ya ce. "Amma yarinyar nan ta wuce inda yaronmu ya tsaya."

Mun gode, Uwar Sauro. Allah ya saka, ki sauke hannun rigarki ki huta.